Hedset ɗin farko: wanne ya dace da sabon matuƙin jirgi a Legas?

Wanda ya karɓi lasisinsa na tuƙin jirgin kasuwanci (CPL) daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko a Zariya ya yi karatun, ko a Ilorin, ko a Afirka ta Kudu, abin da ke fara shiga ransa bayan kaki da galar kafaɗa shi ne hedset, wato abin sawa a kunne mai makirfo da matuƙi ke ji da magana ta cikinsa. A nan ne kuma kuɗi ya fi saurin salwanta. Yawancin kuskuren ba a zaɓen kamfani yake ba, riga malam masallaci ne: mutum ya kashe dala 1,300 tun bai san wane jirgi zai zauna a ciki ba. Hedset ɗin da ya dace da Diamond DA40 na makaranta daban, wanda ya dace da ATR 72 mai farfela daban, na Boeing 737 daban, na helikwaftan da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku kuwa ko fuloginsa ba iri ɗaya ba ne da na sauran. Ukun ƙarshen nan duk daga Ikeja suke tashi, kuma sabon matuƙi ba shi ke zaɓen wanda zai fara da shi ba, inda aiki ya faɗo nan zai zauna.

Dalilin da ya sa ba a wasa da wannan saye shi ne takardar lafiya ta aji na ɗaya, wadda matuƙin jirgin kasuwanci ba ya tashi sai da ita. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kowane kunne idan an gwada shi shi kaɗai, kada raunin jinsa ya wuce desibel 35 a 500, 1,000 da 2,000 Hz, ko desibel 50 a 3,000 Hz (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne, Hz kuma na kaurinsa ko tsininsa). Ana yin gwajin a karon farko, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara 5 har mutum ya kai 40, daga nan duk bayan shekara 2. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi kuwa shi ne desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato a desibel 94, awa ɗaya ce rak. Cikin ƙaramin jirgi mai farfela yakan haura 90 ba tare da wahala ba. Mazaunin Agege ko Mafoluku ma ya riga ya sha rabonsa na ƙarar janareta da hon ɗin danfo kafin ya isa filin jirgi. Jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa, shi kuma lasisi a kan jin yake tsaye.

Toshewa da kashe ƙara ba abu ɗaya ba ne

Hanya biyu hedset ke bi wajen kare kunne. Ta farko toshewa ce kawai: kofi mai kauri, soso a ciki, matashi mai laushi a baki, da ƙarfen da ke matse su a kai. Ba batir, ba na'ura. Wannan ya iya tare siririyar ƙara mai tsini, irin shuuu ɗin iska, amma rugugi mai kauri yana ratsa shi kamar babu komai. Ta biyu ita ce ANR, wato kashe ƙara da na'ura: ɗan ƙaramin makirfo a jikin kofin yana sauraren ƙarar, na'urar ta haifar da kishiyar sautin, su biyun su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Ita kuma ƙarfinta a kan rugugi yake, musamman wanda ba ya canzawa.

Lissafi kaɗan zai nuna maka inda kowacce ta fi amfani. Farfela mai fuka-fuki 2 da ke juyi 2,400 a minti tana dukan iska sau 80 a daƙiƙa. Ta jirgin Dash 8 Q400 fuka-fukinta 6, tana juyi 850 a minti idan jirgi ya daidaita a sama, wato sau 85. Duka biyun rugugi ne na ƙasa ƙwarai, daidai inda toshewa ta fi rauni, daidai kuma inda ANR ta fi cin kasuwarta. A jet labarin ya sha bamban. Injin yana can baya, abin da ke damun matuƙa shi ne iskar da ke gogar gilashin gaba da fankokin da ke sanyaya na'urori. Ƙarar ba ta kai ta farfela nauyi ba, shi ya sa za ka ga kyaftin na 737 ko CRJ da ɗan hedset marar nauyi kamar na ma'aikacin waya, bai kuma yi kuskure ba. Sai dai 737 ba shiru gare shi ba. An san ɗakin tuƙinsa da ƙarar iska, musamman idan ana gangarowa da gudu.

David Clark H10-13.4, koren nan da kusan kowace makarantar tuƙi ke da shi, shi ne ma'aunin masu toshewa kawai. Yana rage desibel 23 bisa NRR, ma'aunin rage ƙara, nauyinsa ya haura giram 450, farashinsa a Amurka wajen dala 400. Ba ya cin batir, ba ya tsoron faɗuwa ƙasa, kuma kusan kowane sashe nasa ana samun madadinsa. Aibinsa matsi. Awa ɗaya ba za ka ji komai ba, amma ranar da aka ba ka tashi huɗu, Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, a dawo ta hanyar da aka bi, kafin la'asar za ka ji kamar an ɗaure maka kai da kirtani. A ATR ko Q400 kuma rugugin zai riƙa shigowa, ka ƙara murɗa sautin rediyo don ka ji jami'an hasumiyar filin jirgi, ka koma kana ƙara wa kunnenka wata ƙarar da hannunka.

A manyan masu ANR da ke rufe kunne gaba ɗaya, uku ne aka fi gani. Bose A30 ya fito a 2023, ya gaji A20 da ke kasuwa tun 2010. Nauyinsa giram 404, bai kai A20 matsi ba, batir AA guda 2 na kai shi wajen awa 45 idan ba a kunna Bluetooth ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne matakan kashe ƙara guda uku: na sama don jirgi mai farfela, na tsakiya don jet, na ƙasa don lokacin da kake son jin na kusa da kai. Idan ka ƙwanƙwasa kofin sau biyu a matakin sama ko na tsakiya, wannan kunnen zai buɗe maka ka ji maganar injiniya ko ma'aikaciyar jirgi ba sai ka cire ba. Ana kuma mayar da sandar makirfo da wayar daga hagu zuwa dama ba tare da sukundireba ba. Kada ka raina wannan: mataimakin matuƙi a kujerar dama yake zama, soket ɗinsa yawanci a damansa yake, wayar da ta ratso ta ƙirjinka kuwa za ta yi ta kama bel da hannunka. Farashi wajen dala 1,300, garanti shekara 5.

Lightspeed Zulu 3 ya fi arha, wajen dala 900, kofunansa na ƙarfen magnesiyam ne, wayarsa an ƙarfafa ta da zaren Kevlar, garantinsa shekara 7. Kofin yana da faɗi, mai manyan kunnuwa zai fi jin daɗinsa. Ƙaninsa Delta Zulu, na 2022, yana da na'urar gano iskar kabon monoksayid a jikinsa, abin da ke da amfani ga mai koyarwa ko mai tuƙa ƙaramin jirgi mai injin fistin, amma ba shi da wani tasiri a jet. Matsalar Zulu 3 ga mai neman aikin kamfanin jirage ita ce ba ya ɗauke da shaidar TSO, za mu zo kanta. David Clark DC ONE-X kuma yana tsakiya: wajen giram 350, yana da TSO, batirinsa na kai awa 50, kuma idan batir ya mutu kofinsa yana toshewa gwargwado.

Wannan batun na mutuwar batir ya cancanci a tsaya a kansa. Hedset na jirgi mai ANR idan batirinsa ya ƙare, rediyo da intakom ba sa ɗaukewa, kashe ƙarar ce kawai ke tsayawa. Amma an ƙera kofunan ne da tunanin na'ura za ta yi rabin aikin, don haka ba su kai na H10-13.4 toshewa ba. Idan abin ya same ka kana tunkarar titin sauka na 18R a Legas cikin ruwan saman watan Yuni, rediyo cike da jirage, za ka ji kamar an buɗe taga. Batir biyu na ajiya a aljihun rigarka suke zama, ba a ƙasan jakar da ke bayan kujera ba.

Ƙananan hedset na jet su ma kala uku ne. Bose ProFlight Series 2 a cikin kunne ake cusa shi kamar iyafis, giram 128 kacal a kai, farashi sama da dala 1,000 kaɗan. Ba ya sa zufa, ba ya damuwa da tabarau. Sai dai ba kowane kunne ke jure abu a cikinsa na awa shida ba, kuma kamfanin da kansa ya ce na jirage masu matsakaiciyar ƙara ne. Wanda ya sa shi a ATR ya ce bai gamsu ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. David Clark DC PRO-X2 a kan kunne yake zama, bai rufe shi ba, bai shiga ciki ba, nauyinsa ya ɗan haura giram 200, yana da ANR da TSO. Ga wanda ba ya son abu a ramin kunnensa, shi ne madadin. Sai Telex Airman 850, wanda ba ya neman batir ko kaɗan domin daga wutar layin makirfon jirgin yake ci. Desibel 12 kawai yake kashewa, ya wadatar a jet mai shiru, a 737 kuwa da ƙyar.

Akwai wata al'ada a 737 da ke shafar zaɓi: matuƙa da yawa sukan zame kofi ɗaya, na ɓangaren abokin aiki, su yi magana baki da baki maimakon ta intakom. Idan kyaftin ɗin da kake tashi da shi haka yake yi, babban hedset ɗinka rabinsa kawai ke aiki, kuma kunnen hagunka ne zai yi ta shan ƙara shekara da shekaru. Hedset mai buɗe kunne ɗaya da ƙwanƙwasa, irin A30 da ProFlight, a nan yake biyan kuɗinsa.

Fulogi da takardar kamfani

Ƙananan jirage da yawancin Boeing fulogi biyu suke karɓa: babba, PJ-055, mai kaurin milimita 6.35, na sauti, da ƙarami, PJ-068, wajen milimita 5.2, na makirfo. Airbus XLR mai ƙafa 5 yake amfani da shi. Helikwafta fulogi ɗaya ne gajere mai kauri, U-174, galibi da naɗaɗɗiyar waya. Akwai kuma LEMO mai ƙafa 6 a wasu sababbin ƙananan jirage, wanda ke ba hedset wuta daga jirgin. A sauran jirage, su Embraer da ATR da CRJ, kada ka yi hasashe. Jirage iri ɗaya a kamfani ɗaya ma kan bambanta, domin da yawa an sayo su ne ko an yi hayarsu daga kamfanoni dabam-dabam. Ka tambayi wanda ke tuƙa shi yanzu, ko injiniyan layi, ya ɗauko maka hoton soket ɗin.

Idan dole ka saya kafin ka sani, sayi mai fulogi biyu. Shi ya fi yawa, kuma adaftarsa zuwa XLR ko U-174 ba ta da tsada. Amma kowace adafta ƙarin mahaɗa ce, kuma a mahaɗa sauti ke fara yankewa. Kayan soja kuwa ka bar su inda ka gan su ko da fulogin ya shiga: makirfonsu ba irin na jiragen farar hula ba ne, za ka ji kowa, ba wanda zai ji ka. Wani abin da ke rikita sababbi shi ne maɓallin mono da sitiriyo. Jirage da yawa mono ne. Idan ka bar shi a sitiriyo, kunne ɗaya kawai zai yi magana, ka ɗauka hedset ya lalace alhali ɗan maɓalli ne, a wasu samfuran cikin gidan batir yake.

TSO shaida ce ta FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, cewa kayan ya cika ƙa'idar ƙira da gwaji, lambar ta hedset a yanzu C139a. Ba ta nufin ya fi wani daɗin sauti. Abin da ya sa ta shafe ka shi ne kamfanonin jirage da yawa suna rubuta a littafin ayyukansu cewa hedset na kashin kai sai mai TSO, wasu ma sai wanda ke cikin jerin da suka amince da shi, wasu kuma nasu na cikin jirgi suke so a yi amfani da shi. Bose da David Clark da Telex da aka ambata duk suna da ita. Ka karanta littafin, ko ka tambayi ofishin babban matuƙi, kafin ka je wajen 'yan canji. Abin da ba kamfanin da zai ɗaga maka ƙafa a kai shi ne makirfon sanda: ƙa'idar ICAO ta wajabta wa matuƙan jiragen kasuwanci magana da shi ko da na maƙogwaro, ba da na hannu ba, idan suna ƙasa da matakin sauya ma'aunin tsayi. Bluetooth kuma amfaninsa na gaskiya jin gargaɗin manhajar da ke kan iPad ne, kuma da dokar kamfani ake kunna shi.

Ranar farko da sabon hedset mai ANR, tun jirgi na ƙasa, a gwada ƙararrawar gargaɗi kana sanye da shi a matakin da za ka yi tafiya da shi. FAA ta fitar da sanarwa a 2007 tana jan hankalin kamfanoni su tabbatar hedset masu kashe ƙara ba sa ɓoye irin waɗannan sautuka.

Duk ƙarfin ANR, a kan matashin kunne ya dogara. Ƙafar tabarau mai kauri takan ɗaga shi, iska ta shiga, sai ka ji na'urar na bubbuga fat-fat ko tana gurnani. Maganinsa tabarau mai siririyar ƙafa. Ke kuma 'yar'uwa mai sa hijabi ko ɗankwali, ƙyallen da ya shiga tsakanin matashin da fatarki ƙofa ce ga ƙara. Ko dai ƙyallen ya zama siriri mai lafewa ba tare da ɗinki a kan kunne ba, ko ki duba na cusawa a kunne idan jet za ki tuƙa. Clarity Aloft ma na cusawa ne, da soso yake toshewa ba batir, kuma ƙarfensa ta ƙeya yake zagayawa, ba ta tsakar kai ba. Makirfo kuwa, kowa da kowa, kusa da leɓe ake ajiye shi har ya kusa taɓawa, kuma fuskar da aka yi wa alama ita ke kallon baki. Ya yi nisa da yatsa biyu, muryarka za ta dusashe cikin ƙara, jami'in hasumiya ya yi ta cewa ka maimaita.

Abin da Legas ke yi wa hedset

Laima da zufa su ne manyan abokan gaba. Jirgin da ya kwana a fili, kafin iyakwandishan ya kama, ɗakin tuƙinsa tanda ne, kuma gishirin zufa yana cin fatar roba ta matashi har ta fara ɓarewa tana manne maka baƙi-baƙi a kumatu. Bose na ba da shawarar canza matashi duk wata 6 ko awa 350. A nan kada ka yi tsammanin zai wuce haka. Ka goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi bayan aiki, ka bar jakar a buɗe ya sha iska kafin ka zuge, ka jefa 'yan ƙunshin silika biyu a ciki saboda fumfuna. Kada ya wuni cikin mota a rana. Fulogi idan ya fara dusashewa ko kore-kore saboda iskar teku, sautin zai riƙa ƙarar-ƙarar, sai a goge da sifirit. Soson makirfo kuma ƙurar hunturu ta Kano da Sakkwato da Maiduguri kan toshe shi, a wanke ko a canza.

Batir sai alkalin na gaske. Na tocila mai arha da ake sayarwa a go-sulo ba zai kai ka ko'ina ba, kuma idan ya yi yoyo a cikin akwatin sarrafawa da ke jikin wayar hedset, ruwansa zai cinye ƙarafunan. Za ka yi hutu ko za ka tafi kwas na wata guda, cire su. Waya kuma a wuri biyu take karyewa, gindin fulogi da bakin akwatin sarrafawa, kuma dalilin ɗaya ne: fizge ta ta igiya, da naɗe ta da ƙarfi a jikin hedset. Kama kan fulogin ka zare, ka naɗe ta sako-sako.

Garantin shekara 5 ko 7 yana da daɗin ji, amma aika hedset waje da dawo da shi kuɗi ne da makonni. Don haka duk wanda zai sayo maka, ko abokin aiki ne da zai je waje horo a simileta, na'urar kwaikwayon tuƙi, ko kai ne za ka je kwas ɗin nau'in jirgi, a haɗo da matashi saiti biyu da soson makirfo uku ko huɗu a tafiya ɗaya. Idan ta kamfanin aike za a kawo, sa kuɗin dako da na kwastan da harajin VAT na kashi 7.5 a lissafi tun farko. Jabun Bose na yawo a intanet, sabon A30 a rabin kuɗi kuwa ba garaɓasa ba ce. Rasit daga dila da kamfanin ya amince da shi, da lambar jikin kayan da za ka yi wa rajista, su ne hujjarka.

Ga wanda ya samu gurbi a jirgi mai farfela ko helikwafta, babban mai rufe kunne da ANR da TSO, A30 ko ONE-X, ba almubazzaranci ba ne. Wanda jet ya kira, ya fara tashi da na cikin jirgi na mako biyu ko uku, ya ari ProFlight da PRO-X2 na abokan aiki ya gwada kowanne a doguwar rana kafin ya saya. Wanda har yanzu yake yawo da takardun neman aiki a Ikeja, kuɗin kwas ɗin nau'in jirgi na gabansa, ya riƙe na makaranta ko ya sayi H10-13.4. Ko daga baya ya sayi mai tsada, koren zai zauna a matsayin na ko-ta-kwana.

Na hannu ma hanya ce, musamman A20, tunda masu komawa A30 suna sakin nasu. Sai dai ba a cinikin biri a sama. Buɗe gidan batir ka duba farin gari ko tsatsa. Sa sabon batir, kunna ANR kusa da janareta mai aiki, ka ji ko rugugin ya faɗi daidai a kunnuwa biyu ba tare da tsuwa ba. A jona shi a jirgi ko a na'urar gwaji ta injiniyoyin rediyo, ka yi magana kana lanƙwasa wayar daga fulogi har kofi, taƙi bayan taƙi, kana sauraren ko sautin zai yanke. Ka murɗa sandar makirfo ka sake ta, ka ga ko tana tsayawa inda ka ajiye ta. Matashi da soso ba abin fasa ciniki ba ne, a cire kuɗinsu daga farashi. Waya mai yankewa kuwa a Bose gaba ɗayanta ake canzawa har da akwatin sarrafawa da makirfo, kuma kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Sennheiser ya daina ƙera hedset na matuƙa tun 2016, don haka idan an tallata maka nasu, fara neman inda za ka samu matashi da waya kafin ka taya.